Daga Katako Zuwa Zaren Kabon: Waiwaye Kan Kayan Ƙera Jirgin Sama

Jiragen sama uku da suka fara sauka a Kano, cikin watan Nuwamba na 1925, rabin aikinsu na kafinta ne, rabi na tela. Jirage ne na sojan saman Birtaniya ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka ratso Sudan da Chadi suna yada zango har suka iso. In ka ɗebe inji da tayoyi da wayoyin da suka ɗaure fiffiken sama da na ƙasa, abin da ya rage katako ne da yadi. Akan jera haƙarƙarin katako, a lulluɓe shi da yadin lilin, a bi shi da allura da zare a ɗinke a kan kowane haƙarƙari, sannan a shafe shi da wani ruwa mai tsananin wari wanda in ya bushe yake sa yadin ya ɗame tamau, ruwa ba ya ratsa shi. In ƙaya ko tsakuwa ta yaga shi wajen sauka, makaniki ya yanko ƙyalle ya yi faci, gobe a tashi.

A cikin shekara ɗari da ta biyo baya an sauya kayan ƙera jirgi sau biyu: daga katako zuwa alminiyam, daga alminiyam zuwa zaren kabon. Akan ba da wannan labari kamar hawan tsani, kowane mataki ya fi na baya. Amma wanda ya bi diddigi zai ga cewa kowane sabon kaya ya zo da aibinsa a ɓoye, kuma babu wanda ya faɗi aibinsa da baki. Sai da aka wahalar da shi, aka lanƙwasa, aka fasa, kafin a san halinsa. Inda aka yi sa'a an fasa shi a ƙasa. Inda ba a yi ba, ya fashe a sama da mutane a ciki.

Zamanin da kafinta yake injiniya

'Yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu shagon kekuna ne a garin Dayton na Amurka. A 1901 suka ga fiffiken da suka ƙera bai ɗaga nauyin da littattafan lissafi na lokacin suka ce zai ɗaga ba. Maimakon su ci gaba da gardama da littafi, sai suka haɗa wani akwatin katako mai tsawon ƙafa shida, suka sa fanka a bakinsa tana hura iska, suka dinga yanko ƙananan fuka-fukai suna gwadawa a ciki ɗaya bayan ɗaya, har kusan ɗari biyu. Daga abin da suka auna da hannunsu suka zana jirgin da ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci tazarar ƙafa 120.

Katako yana da wani alheri da magada suka rasa daga baya: ba ya ɓoye ciwonsa. Gogaggen kafinta yakan duba jijiyar itace ya san inda zai tsage, ya ƙwanƙwasa ya ji inda ya ruɓe. Shi ya sa har a yaƙin duniya na biyu, lokacin da alminiyam ya yi wuya, kamfanin de Havilland na Ingila ya koma ga itace ya ƙera jirgin yaƙi mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940. An sa itacen balsa marar nauyi daga Ekwado a tsakiya, aka manna masa siraran falankai ciki da waje. Masu ƙera kujeru da tebura na garin High Wycombe suka bar kayan ɗaki suka koma yin sassan jirgi, aka ƙera sama da dubu bakwai. Amma ko shi, da aka kai shi Indiya cikin zafi da danshi, wasu fuka-fukai sun karye a 1944, sai da aka dakatar da jiragen aka bi mahaɗar katakon da gam ɗin da ya riƙe su ana bincike.

Alminiyam kuwa asalinsa ƙarfe ne mai laushi. Wani Bajamushe, Alfred Wilm, shi ya gano a 1906 cewa in an gauraya shi da jan ƙarfe kaɗan, aka gasa, aka tsoma a ruwa, sannan aka ajiye shi 'yan kwanaki, sai ya ƙara tauri da kansa. Da wannan gami aka shiga zamanin jiragen ƙarfe irin DC-3 na 1935. A wancan lokaci babu kwamfuta. Injiniyoyi na lissafi da rula mai zamewa, ɗaruruwan masu zane na sunkuye a kan tebura, kuma a wani faffaɗan zaure akan zana sassan jirgin daidai girmansu a ƙasa, mutane na rarrafe da fensir da siraran sanduna suna fitar da lanƙwasar fiffike. Sannan kafintoci su gina jirgin katako cikakke wanda ba zai taɓa tashi ba, don kawai a ga ko bututun mai zai yi karo da igiyar sitiyari, ko hannun makaniki zai iya isa ga wani noti.

Jirgin da aka nutsar a tanki

Ranar 2 ga Mayu 1952 jirgin Comet na de Havilland ya tashi daga Landan zuwa Johannesburg. Shi ne jirgin fasinja na farko a duniya mai injin jet. Yana hawa har ƙafa dubu arba'in, inda iska ta yi sirantar da mutum ba zai iya shaƙa ya rayu ba, don haka dole a cusa iska cikin gangar jirgin a matse ta. Kuma saboda injinan lokacin ba su da ƙarfi sosai, aka rage nauyi ta hanyar siranta fatar jirgin, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba.

Ranar 10 ga Janairu 1954 wani Comet da ya taso daga Roma ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka mutu. Aka dakatar da jiragen, aka yi musu gyare-gyare iri-iri a kan zato, aka sake su a ƙarshen Maris. Ranar 8 ga Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples da mutum 21. A nan ne aka miƙa lamarin ga cibiyar binciken jirage ta Farnborough ƙarƙashin Arnold Hall.

Abin da suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Suka gina ƙaton tanki, suka shigar da gangar wani Comet ɗungurungum, fuka-fukansa na leƙowa waje ta gefe biyu. Suka cika tankin da ruwa, suka cika cikin jirgin ma da ruwa. Famfo ya ƙara ruwa a cikin gangar har matsin ya kai na sararin sama, sannan a sassauta, yayin da jak-jak ke ɗaga fuka-fukan suna sauke su. Cikin 'yan mintuna an kwaikwayi tafiya guda, sai a sake, dare da rana. Dalilin zaɓar ruwa shi ne, da iska aka matsa, ranar da fatar ta tsage jirgin zai fashe ya watse, shaidar ta bi iska. Ruwa kuwa ba ya matsuwa, da ya sami kafa sai ya tsiyaye, tsagar ta tsaya inda ta faro a gan ta. A ƙarshen watan Yuni ma'aunin matsi ya faɗi. Da aka zubar da ruwan, sai ga tsaga ta taso daga kusurwar wata taga. In aka haɗa tafiye-tafiyen da jirgin ya yi a sama da na cikin tanki, sun kama 3,057 kacal.

Duk wanda ya taɓa rasa filaya ya karya waya da hannu ya san sirrin. Lanƙwasa ɗaya ba ta karya ta, amma ka yi ta kai ta gaba kana dawo da ita, sai ta yi zafi ta tsinke. Haka fatar Comet take kumbura a kowane tashi, ta saki a kowace sauka. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe, kuma ta fi taruwa a kusurwoyi da bakin ramukan ƙusa. Tarkacen da sojan ruwan Birtaniya suka tsamo daga tekun Elba ya tabbatar da haka: tsagar jirgin farko ta faro ne daga wata ƙaramar tagar eriya a rufinsa.

Abin takaicin shi ne, de Havilland ba su yi sakaci da gwaji ba. Sun gwada wani sashe na gangar har sau dubbai masu yawa bai tsage ba. Sai dai kafin wannan gwaji, sun fara matsa wannan sashen da matsi ninki biyu don su ga ƙarfinsa, kuma wannan matsi mai tsanani ya daddaɓe ƙarfen da ke bakin ramuka ya ƙara masa juriya. Jiragen da aka sayar ba su sami wannan daddaɓa ba. Wato samfurin gwajin ya ba da shaidar da ba ta shafi 'yan uwansa ba.

An bayyana sakamakon binciken a fili, kuma masu ƙera jirage na Amurka suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta suka shafa wa nasu ruwa. Daga nan aka zagaye kusurwoyin tagogi, aka ƙara kaurin fata, aka sa madaurai masu tare tsaga kafin ta yi nisa, aka kuma ware jirgi guda don gwajin ƙarfi, wani daban don gwajin gajiya. Comet ya dawo a 1958 da sabuwar ƙira, amma kasuwa ta riga ta koma hannun Boeing 707.

Rabon Jos a cikin injin jet

Gangar jirgi na fama da matsi, inji kuma na fama da wuta. Ana bukatar gamin ƙarfe da ba zai yi laushi ba ko ya yi ja, kuma ɗaya daga cikin sinadaran da ke ba da wannan juriya shi ne niyobiyam, wanda ake samu daga ma'adinin kolombayit. A filayen haƙar kuza na Jos da Bukuru da Barikin Ladi, inda dubban leburori, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka yi aiki, an daɗe ana ware wannan baƙin yashi daga kuza ana zubarwa. A farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayensa tana tarawa, farashi ya tashi, aka koma kan tsofaffin tarin shara ana tacewa. Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kafin ma'adinan Barazil su karɓe kasuwar. Kamfanoni sun tafi, ramukan sun cika da ruwa. Wasu manoman rani suna ban ruwa da su yau, wasu ramukan kuma sun ci mutane da dabbobi. Babu wanda ya sa kuɗin cike su cikin lissafin injin jet.

Kazar da ta durƙusar da Rolls-Royce

Zaren kabon ya fi gashin kai siranta. Ana samunsa ne ta hanyar gasa wani zaren roba a hankali, mataki-mataki, har komai ya ƙone ya bar kabon zalla a jere. Akio Shindo a Osaka ta Jafan, da wasu masu bincike uku a Farnborough a 1963, su suka buɗe hanyar yin mai ƙarfi. In aka jera zaren aka haɗe shi da danƙo, akan sami abin da ya fi ƙarfe ƙarfi in an auna da nauyinsa.

Kamfanin Rolls-Royce ya yi caca a kansa. Ya yi wa kamfanin Lockheed alkawarin sabon inji mai suna RB211 don jirgin TriStar, a kan farashin da aka yanke tun kafin a ƙera, kuma babbar fankar gaban injin za ta kasance ta zaren kabon. Ruwan fankar ya ci gwaje-gwaje da dama. Amma akwai gwajin da babu injin da ke tsallake shi: a harba gawar tsuntsu cikin inji yana tsakiyar gudu, don shaho ko agwagwa ba sa kauce wa jirgi. A 1970 aka harba kaza, ruwan fankar ya farfashe. Zaren yana da ƙarfi in an ja shi ta tsawonsa, amma duka daga gefe yana ɓamɓare shimfiɗunsa. Dole aka koma ga ƙarfen taitaniyam, nauyi ya ƙaru, lokaci ya ƙure, kuɗi suka ƙare. Ranar 4 ga Fabrairu 1971 Rolls-Royce ya durƙushe, gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi, ita kuma ta Amurka ta tsaya wa Lockheed lamunin dala miliyan 250 don kada ya bi sahu.

Bayan wannan, masu ƙera jirage suka riƙa taka-tsantsan da zaren kabon. Kamfanin Toray na Jafan ya riƙe sana'ar da sandunan kamun kifi da na wasan golf, jirage kuma suka fara da ƙananan sassa, sannan jela. Sai a 1995 injin GE90 ya shiga aiki da fankar zaren kabon, an ɗaura wa bakin kowane ruwa taitaniyam don tsuntsu. Shekara ashirin da biyar ke nan tsakanin kazar da gyaran kuskuren.

Kwamfuta, mutum-mutumi da hannun mutum

Boeing 777, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1995, shi ne jirgin fasinja na farko da kamfanin ya zana kacokan a kwamfuta. Zauren rarrafe da jirgin katako suka zama tarihi, tunda allon kwamfuta yana nuna inda bututu zai yi karo da waya. Duk da haka, a watan Janairu na 1995 aka ɗaure wani 777 da igiyoyin ƙarfe aka yi ta jan fuka-fukansa sama har suka karye. Doka ta ce su jure kashi 150 cikin ɗari na mafi tsananin nauyin da za su taɓa gamuwa da shi a sama. Sun karye a 154. Lissafi ya yi daidai, amma sai da aka karya aka yarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A Boeing 787, wanda ya fara tashi a Disamba 2009, rabin nauyin jikin jirgin zare ne da danƙo, alminiyam kashi 20 ne kawai. Kamfanin jiragen Habasha ne ya fara kawo shi Afirka a 2012. Masana'antar da ake yin gangarsa ba ta da hayaniyar dukan ƙusa irin ta da. Zaren yakan zo a naɗe kamar kaset, an riga an jiƙa shi da danƙo, ana ajiye shi a firiza, kuma daga sa'ar da aka fito da shi ake fara ƙirga lokacinsa, don in ya daɗe a waje ya lalace. Wani ƙaton mazubi mai siffar gangar jirgi yana juyawa a hankali, hannun mutum-mutumi na bin sa yana shimfiɗa siraran ɗauri, wannan shimfiɗa a miƙe, ta gaba a karkace, ta gaba a gicciye, kowace bisa inda nauyi zai bi. In an gama sai a tura shi cikin tanda mai matsi a gasa na sa'o'i a zafin da ya kai wajen digiri 180. Abin da a da sai an haɗa ɗaruruwan fallayen alminiyam da dubban ƙusoshi, yanzu yana fitowa guda ɗaya.

Zaren kabon ma da nasa ɓoyayyen hali. In motar kaya ta bugi alminiyam sai ya loma, kowa ya gani. Zaren kabon kuwa yana iya rabuwa daga ciki alhali fuskarsa sumul, sai an bi shi da na'urar sauti irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ba ya watsa tsawa kamar ƙarfe, don haka ake saƙa masa ragar jan ƙarfe. In ya haɗu da alminiyam cikin danshi yana sa shi tsatsa, shi ya sa taitaniyam ya yi yawa a jirgin. A 2009 ma gwajin ƙasa ne ya tona rauni a mahaɗar fiffike da ganga, aka ɗage tashin farko da watanni.

Mutum-mutumi ya shiga masana'antar motoci tun 1961, lokacin da General Motors ya girka Unimate a New Jersey, amma jirgi ya fi ƙarfinsa na tsawon lokaci. Boeing ya gwada sa mutum-mutumi biyu-biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, suna huda gangar 777 suna buga ƙusa. Shekaru aka yi makanikai na bin bayansu suna gyara, har a 2019 kamfanin ya haƙura ya mayar da buga ƙusar hannun mutane, ya bar wa inji huda rami. A wani gefen kuma sabuwar dabara ta ci nasara: bakin feshin mai na injin LEAP, wanda a da sai an haɗa sassa 20, yanzu na'ura ce ke gina shi guda ɗaya daga garin ƙarfe, shimfiɗa bisa shimfiɗa, da hasken leza, kuma nauyinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ina tsohon jirgi zai je?

Babbar hujjar zaren kabon ita ce rage nauyi, rage nauyi kuma rage shan mai ne. Boeing ya ce 787 ya fi jiragen da ya gada tattalin mai da kusan kashi 20, kodayake sababbin injina na da nasu kaso a ciki. Ga sana'ar da ke fitar da kimanin kashi biyu cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai lissafin bai ƙare a tankin mai ba. Alminiyam yana narkewa ya sake zama sabo, da kusan kashi biyar cikin ɗari na wutar da ake ƙonawa wajen fitar da shi daga ma'adini. Maƙeran da ke narka tarkace suna zuba tukwane a kasuwanninmu sun daɗe da sanin wannan. A garin Tarbes na Faransa, inda ake kwance tsofaffin jirage, sama da kashi 90 na nauyin jirgin alminiyam yana komawa amfani. Danƙon da ya riƙe zaren kabon kuwa in ya gasu ya gasu ke nan, ba ya narkewa. Sai dai a ƙone shi a tanda marar iska a ceto zaren, wanda ke fitowa guntu-guntu, ya dace da jikin kwamfuta ko sassan mota, bai dace da fiffike ba. A 2023 aka fara kwance wasu 787 guda biyu a Prestwick ta Sikotland, ba su wuce shekara goma ba, kuma ɗaruruwa na tafe a bayansu cikin shekaru masu zuwa.

Injiniyoyin da suka gabata sun koyi tambayar ko abu zai ɗauki nauyi, Comet ya koya musu tambayar sau nawa zai ɗauka, kazar Rolls-Royce ta ƙara musu tambayar duka daga gefe. Tambayar da ta rage ita ce ta farkon kaya da ƙarshensa: ramin da aka haƙo shi wa zai cike, kuma in ya tsufa ina za a kai shi. Masu bincike na aiki a kan danƙon da za a iya sake narkawa, kuma tuni wasu ƙananan sassan jirgi suka koma irinsa. Amma har yanzu hukumomin da ke ba jirgi izinin tashi suna neman shaidar ƙarfinsa da gajiyarsa da hayaƙinsa, ba sa neman shaidar yadda za a kwance shi. Muddin ba a sa wannan cikin sharuɗɗan da ake cikawa kafin a sayar da jirgi ba, wasu mutane ne a wani wuri daban za su biya kuɗinsa.